Shekara uku ɗana yana jiran a naɗa shi firist a Amurka: in biya a gaggauta masa?

Tambaya: Rabaran, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ɗana ma'aikacin jinya ne a jihar Maryland ta Amurka, shekarunsa 31, kuma a cocin Episkofal, wato cocin Angilikan na Amurka, yake sujada tun da ya isa can. Shekara uku ke nan da ya gaya wa limamin cocinsu cewa yana jin kiran Allah zuwa aikin firist, amma har yau daga wannan kwamiti sai wancan, har wurin likitan ƙwaƙwalwa aka tura shi, abin da ya hana ni barci. Yanzu wani mutum ya ce ya san wani bishop a can da zai naɗa shi firist cikin mako guda, ya ba shi takardar shaida, muddin za mu biya kuɗin hidima. Shin wulaƙanta ɗana ake yi don shi baƙo ne? In sayar da filina in tura kuɗin? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Mama, ki kwantar da hankalinki, kuma kada ki taɓa filin nan. Zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba zargin taɓin hankali ba ne. Dokar cocin Episkofal ta wajabta wa duk mai neman naɗi, baƙo ko ɗan ƙasa, gwajin lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa da kuma binciken tarihin rayuwarsa, domin mutumin da za a danƙa wa yara da marasa lafiya da asiran gidajen mutane dole a san ko wane ne shi.

Ki tambayi ɗanki matakin da yake a yanzu. Hanyar tana farawa ne a cocinsa, inda limamin da aƙalla kashi biyu cikin uku na majalisar cocin za su sa hannu cewa sun ga alamar kira a tare da shi. Daga nan bishop na dayosis, wato yankin majami'un da ke ƙarƙashin bishop guda, da shawarar kwamitin da ke tantance masu neman hidima, zai karɓe shi a matsayin mai nema, sannan ɗan takara, kuma a duk tsawon lokacin sai ya riƙa rubuta wa bishop wasiƙa sau huɗu a shekara yana bayyana halin da karatunsa da ruhunsa suke ciki. Yawanci akan yi shekara uku a makarantar tauhidi, kamar ta Virginia da ke Alexandria, wadda aka kafa a 1823 kuma ba ta da nisa da inda yake, ko da yake wasu dayosis sun buɗe hanyar karatu a gida ga masu riƙe da aikin albashi irinsa. Akwai babbar jarrabawar naɗi da ake yi a watan Janairu. Bayan haka sai a naɗa shi dikon, wato matakin hidima da ke ƙasa da firist, ya yi aƙalla wata shida, kafin a naɗa shi firist. Ban wanke ofisoshin dayosis ba: wasunsu kan bar mutum watanni babu amsar wasiƙa, kuma wannan sakaci ne da ya kamata su ji kunyarsa. Ɗanki yana da haƙƙin ya nemi ganin bishop ya tambaya a fili inda maganarsa ta tsaya.

Sai dai abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne mutumin nan na mako guda, domin kusan kullum ina karo da wannan ruɗi, wato zaton cewa naɗi takarda ce, kuma wanda ya riƙe takardar ya zama firist. A Amurka akwai ƙungiyoyin da ke ba mutum shaidar zama mai hidima ta intanet cikin 'yan mintoci, kuma jihohi da yawa sun yarda mai irin wannan shaida ya ɗaura aure. Wannan ne yake yaudarar mutanenmu, su ɗauka tunda hukuma ta karɓa, coci ma za ta karɓa. Ba za ta karɓa ba. Akwai kuma masu sayen hula da sanda da jar riga, su kama ɗakin taro a otal, su ɗora wa mutum ashirin hannu a yini ɗaya, su karɓi kuɗi, alhali babu ikilisiya ko ɗaya da ke ƙarƙashinsu. Na taɓa zama da wani saurayi da ya zo da irin wannan takarda a cikin gilashi, da hatimi mai ruwan zinariya, yana neman a ba shi bagadi ya yi Jibin Ubangiji, kuma sai da hawaye suka zubo masa da ya gane cewa bashin da ya ci bai saya masa komai ba.

A ranar naɗi na gaskiya, bisa tsarin Littafin Addu'a na cocin Episkofal na 1979, wani firist da wani ɗan ikilisiya ne suke gabatar da mutum ga bishop. Mai neman naɗin yana furtawa kuma ya sa hannu a gaban jama'a cewa ya gaskata Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari Maganar Allah ne, kuma zai bi koyarwa da horo da sujadar cocin. Ana tambayar jama'a ko akwai wanda ya san dalilin da zai hana, ana tambayarsu ko nufinsu ne a naɗa shi. Sai bishop ya ɗora masa hannu, firistocin da ke wurin su ma su ɗora nasu. Ki duba, Mama, wane ɓangare na wannan ne za a iya saya? Su waye jama'ar da za su amsa a ɗakin otal? Cocin Episkofal ya ɗauki ɗora hannu da nauyi tun asalinsa, har bishop ɗinsa na farko, Samuel Seabury, sai da ya ƙetare teku aka keɓe shi a Aberdeen ta Scotland a 1784. Kuma kin san abin da Bitrus ya faɗa wa Siman mai sihiri a Samariya sa'ad da ya miƙa kuɗi don ya sami ikon ɗora hannu, kin kuma san gargaɗin Bulus ga Timoti cewa kada ya yi garajen ɗora wa kowa hannu.

Haɗarin bai tsaya ga asarar fili ba. Bishop yana da ikon cire sunan mai nema bisa ganin damarsa, kuma da wuya ya ci gaba da amincewa da wanda ya zagaya ta bayan gida ya karɓo naɗi a wani wuri. Shekara ukun da ɗanki ya yi haƙuri za su iya tafiya a rana ɗaya.

Wataƙila wani zai ba ki shawarar ya dawo gida a naɗa shi a Najeriya, sannan ya koma. Wannan ma ba gajeriyar hanya ba ce, domin Cocin Angilikan na Najeriya yana da nasa tantancewa da makarantunsa, kamar ta Wusasa da ke kusa da ke, kuma zumunci tsakaninsa da cocin Episkofal ya lalace tun 2003, bayan keɓe Gene Robinson, wanda yake zaune da ɗan'uwansa namiji a matsayin abokin rayuwa a fili, a matsayin bishop na New Hampshire. Wannan bambanci ne na koyarwa da ya kamata ɗanki ya zauna ya auna da addu'a kafin ya sa hannu a kan kowane alkawari. Ki kira shi a makon nan, ki gaya masa maganar mutumin nan, shi kuma ya sanar da limamin cocinsu domin a gargaɗi sauran iyalai.