RAID1 ya koma 746G bayan kunna kwamfuta: lambar ce ta tona asirin matsalar

Malam, ka ce tsohuwar sabar Linux ce, ka sauya fayafayan RAID1 ɗinka biyu (tsarin da ke ajiye kwafi iri ɗaya a fayafai biyu) da masu 3TB, ka yi mdadm --grow --size=max da resize2fs don faɗaɗa RAID ɗin da tsarin fayilolinsa, komai ya tafi daidai. Da ka kashe ka kunna, md0, wato haɗaɗɗen faifan RAID ɗin, ya koma 746G, tsarin fayilolin ext4 kuma ya ƙi hawa (mount).

Tukuna dai, kada ka yi fsck -y (gyaran tsarin fayiloli ba tare da tambaya ba), kada kuma ka kusanci mdadm --create (ƙirƙirar sabon RAID). Bayananka suna nan kwance a faifan, girman kawai aka karanta ba daidai ba. Waɗannan biyun ne ke mayar da ƙaramar matsala asara.

Ita wannan 746 ba haka kawai ta faɗo ba. Faifan 3TB yana da kusan 2794G. Cire 2048, saura 746. Wato akwai inda ake ƙidayar sassan faifai masu bayit 512 da lamba mai bit 32, wadda iyakarta 2TiB, in ta cika sai ta koma sifili ta faro.

Sai a gano inda ƙidayar ta cika. Yi blockdev --getsize64 a kan kowane faifai. In shi kansa faifan ne ke nuna 746G, ba ruwan mdadm: tsohon katin SATA ne ko akwatin USB, sai ka mayar da shi wata mahaɗar. In faifan ya cika 3TB, duba mdadm --detail /dev/md0. Na fi zaton za ka ga Version : 0.90. Wannan tsohon tsarin rubuta bayanan RAID (metadata) a kernel, wato zuciyar Linux, da bai kai 3.1 ba ba ya wuce 2TB a kowane faifai. Muddin kwamfutar na kunne kernel na riƙe da girman gaskiya, shi ya sa ba ka ga komai ba sai da aka sake karanto shi daga faifan.

Gyaran wucin gadi: mdadm --grow /dev/md0 --size=max, girman zai dawo, ka hau ext4 da -o ro (karatu kawai) ka kwashe abin da ba ka son rasawa. In ka sake kunnawa, matsalar za ta dawo.

Na dindindin shi ne ka tashi kwamfutar da filashin Linux mai mdadm 3.3 ko sama. Cire bitmap (taswirar wuraren da ake kan rubutawa) in akwai da --grow --bitmap=none, ka bari daidaitawar fayafayan biyu ta ƙare, ka tsayar da md0, ka sake haɗa shi da --assemble --update=metadata. Wannan zai mayar da shi 1.0, wanda shi ma a ƙarshen faifai yake zama, don haka bayanai ba sa gusawa. Sai ka maimaita --size=max.

Abin da ake yawan mantawa: kernel ba ya haɗa 1.0 da kansa yadda yake wa 0.90. Sabunta layin ARRAY a mdadm.conf da abin da mdadm --detail --scan ya ba ka, sannan update-initramfs -u in Debian ne ko Ubuntu, in ba haka ba ka tarar da sunan md0 ya koma md127.