Alhaji, bar antibairos ɗin "har abada" a hannun mai shi

Wani mai fataucin albasa daga Aliero ya aiko mini da tambaya, na taƙaita ta kamar haka: "Ina da laftof a gida. Ɗana ya koya mini rubuta lissafi a Excel, a ciki nake ajiye sunayen waɗanda nake bi bashi a Mile 12 da Onitsha, da adadin buhunan da kowace mota ta ɗauka. Wani lokaci da ita nake shiga asusuna na banki. Da dare yara kan ɗauka su yi kallo da wasa. Kwanan nan ta yi nauyi, na kai wa mai gyara a Jega, ya ce bairos ne. Ya ba ni zaɓi biyu: antibairos ta N5,000 wadda ba ta ƙarewa har abada, ko ta N25,000 da za a riƙa biya duk shekara. Wacce ta fi riba?"

Alhaji, Allah ya ba da kasuwa, ya sa a sayar da daraja. Amsata ita ce kada ka sayi ta farkon ko da kyauta aka ba ka, ta biyun kuma ka dakata tukuna, don mai yiwuwa ba ka buƙatarta.

Mu fara da ta dubu biyar ɗin. Antibairos ba kamar kwado ba ne da za ka saya sau ɗaya ka maƙala a ƙofa ka manta. Ta fi kama da maigadi wanda kullum ake kawo masa hotunan sababbin ɓarayi. Masu ƙirƙirar bairos ba sa hutu, don haka kamfanin da ya yi manhajar dole ya riƙa aiko mata da sabon bayani ta intanet, wani lokaci sau da yawa a yini guda. Wannan aikin ne ake biyan kuɗinsa shekara-shekara. Manyan kamfanonin da aka sani, irin su Bitdefender na Romaniya, ESET na Sulobakiya, Kaspersky na Rasha, Norton da McAfee na Amurka, dukansu da wa'adi suke sayar da lasisinsu. Wanda ya ce zai ba ka ɗaya daga cikinsu har abada a kan kuɗin da ko cefanen yini bai kai ba, ɗayan biyu ne: ko dai manhajar sata ce da aka fasa, ko kuma lambar lasisi ɗaya ce aka raba wa mutum hamsin, ranar da kamfanin ya gane ya toshe ta.

Ba ina cewa mai gyaran nan macuci ba ne. Da yawansu haka suka koya a wurin ubangidansu, su ma a filash aka ba su. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya zauna ya fasa manhajar kamfani ya watsa ta kyauta a intanet ba don Allah ya yi ba, kuma sau da yawa a cikin fasasshiyar manhajar yake cusa nasa ɓarawon. Ka lura da abin da ake yi kafin a saka irin wannan: sai an kashe kariyar da ke cikin kwamfutar tukuna, don in ba haka ba za ta kama shi. Wato ka kori maigadin da ka sani, ka ba baƙo makullin shago don ya ce shi ma gadi yake yi.

To wane ne maigadin da ka sani? Indai kwamfutarka Windows 10 ce ko Windows 11, da antibairos ɗinta ta zo, sunanta Microsoft Defender, ba a biyan ko sisi. Shekarun baya an raina ta, kuma da gaskiyar masu rainin. Yanzu labari ya sauya. Akwai cibiyoyi masu zaman kansu da aikinsu kawai gwada irin waɗannan manhajoji, fitattu su ne AV-TEST a Jamus da AV-Comparatives a Ostiriya, kuma a gwaje-gwajensu na 'yan shekarun nan Defender kafaɗa da kafaɗa take tafiya da na kuɗi wajen kama bairos. Suna wallafa sakamakon a fili, ɗanka zai iya dubo maka. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, da zarar an saka wata antibairos, Defender kan koma gefe ta bar mata fili. In wadda aka sakan gurguwa ce, ba ta karɓar sabon bayani, to ka zauna tsirara ke nan alhali kana ganin tambari kore a kusurwar allo kana jin daɗi.

Saboda haka kafin ka fitar da kuɗi, sa yaron ya danna maɓallin Windows tare da harafin R, ya rubuta winver. Wani ɗan akwati zai fito ya gaya maka wace Windows ce. A nan maganar take. In Windows 7 ce, tun 14 ga Janairu 2020 Microsoft ta daina kula da ita. Windows 10 kuma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025, sai dai an buɗe wa masu amfanin gida ƙarin shekara guda, zuwa Oktoba 2026, ga wanda ya yi rajista. Abin da "daina kula" ke nufi shi ne an bar liƙe ramukan da ake ganowa a jikinta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma antibairos komai tsadarta ba ta yaɓe bango. A watan Mayu na 2017 wani bairos mai suna WannaCry ya bazu a ƙasashe sama da 150, har asibitocin Ingila ya tsayar wa aiki, alhali tun watan Maris Microsoft ta fitar da maganin ramin da ya bi. Waɗanda ya ci, waɗanda ba su sabunta ba ne. Yawancin laftof ɗin tokumbo da ke hannun mutanenmu tsofaffi ne, wasu ba sa iya ɗaukar Windows 11. In taka na cikinsu, kuɗin da za ka zuba a antibairos gara ka fara tara shi don canjin kwamfuta.

Na san abin da zai biyo baya: data. Kusan duk kwamfutar ɗan kasuwar da na buɗe, sai in tarar an dakatar da sabuntawa don tana cinye data. Gaskiya tana ci. Amma bayanin da Defender ke saukewa kullum ba shi da yawa, babbar sabuntawar Windows kuma galibi sau ɗaya ce a wata, ranar Talata ta biyu. Ware mata dare ɗaya, lokacin da sabis ya fi ƙarfi kuma wuta ko sola na nan, ka bar ta ta gama. Ka lissafa wannan cikin kuɗin hidimar kasuwa, kamar yadda kake lissafa kuɗin buhu da na 'yan dako.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarka, wanda kai ba ka ma tambaya a kansa ba: littafin bashinka wuri ɗaya yake, kuma wurin nan yara na wasa da shi da dare.

Akwai nau'in bairos da ke garkuwa da fayiloli ya nemi kuɗin fansa, kalmomin da mu a wannan yanki ba sai an yi mana fassararsu ba. Wanda ya fi addabar masu kwamfutar gida ana kiransa STOP ko Djvu, kuma babbar hanyarsa ita ce wasanni da manhajojin sata da ake saukewa kyauta. Na taɓa ganinsa a kwamfutar wani mai sayar da taki. Fayilolinsa na nan, sunayensu na nan, amma kowanne an liƙa masa wasu haruffa a wutsiya, tambarin Excel kore ya koma farar takarda, ka danna ba ya buɗewa. A kowace jaka ga wata 'yar wasiƙa da Turanci: a biya dala 980, in an yi sauri cikin awa 72 a biya 490. Mutumin ya yi shiru ya daɗe, sannan ya fara lissafo masu bashin da ka, yana ƙirgawa da yatsu. Ya tuna manyan. Ƙananan, masu buhu biyu da uku, sun tafi. Kuma kai ka fi ni sanin halin wanda ake bi bashi in ya ji an ce littafi ya ɓata.

Maganin wannan ba antibairos ba ne, kwafi ne. Sayi filash mai kyau, ko biyu, ka ware su wa lissafi kawai. Duk ranar da ka gama rubuta lodin mota, kwafe fayil ɗin, zare filash ɗin, sa a aljihun da kake ajiye takardun fili. Zarewar na da muhimmanci, domin in yana maƙale lokacin da abin ya faru, har shi za a haɗa. Sannan a ajiye wani kwafin a intanet: duk mai adireshin Gmail yana da wurin ajiya na gigabait 15 kyauta a Google Drive, lissafinka na shekara goma ba zai ci ko kusurwarsa ba. Kuma kar ka jefar da littafin takarda. Ba ƙauyanci ba ne. Kwamfuta na faɗuwa daga kan tebur, ana sace ta, ruwan shayi na zubar mata, duk babu bairos a ciki.

Yaran kuma, in da hali a sama musu wata na'urar. In babu, a buɗe musu nasu asusun a kan kwamfutar, irin wanda ba shi da ikon saka manhaja sai da lambar sirrinka. Aikin minti biyar ne, kuma ya fi antibairos ta dubu ashirin da biyar amfani a gidanka. Za a yi 'yan gunaguni kwana biyu, ya wuce.

Game da filash, akwai wani bairos da duk wanda ya taɓa kai takarda shagon buga takardu ya san shi. Ka dawo gida ka maƙala, sai ka ga jakunkunanka sun koma wasu gumaka masu 'yar kibiya a ƙasa. Fayilolin ba su ɓata ba, ɓoye su ya yi, yana jira ka danna gunkin ya shige kwamfutarka. Don shi ne masu gyara ke son Smadav, 'yar Indonesiya, wadda ita kanta ba ta ce ita ce babbar kariya ba, ƙari ce. In an saka maka ita tare da Defender babu laifi. Abin da ba a yi shi ne haɗa manyan antibairos biyu a kwamfuta ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa, kowacce za ta riƙa zargin 'yar'uwarta, kwamfutar ta koma tafiyar hawainiya. Ban ga taka ba, amma nauyin da ka ambata ba lallai bairos ba ne. Sau da yawa tarin manhajojin kariya ne rabi-rabi, ko ƙura ta toshe fanka tana zafi, ko ma'ajiyarta ta cika da fina-finai.

To yaushe ta kuɗin ke da amfani? In kana da kwamfuta uku ko huɗu, ta gida da ta shago da ta yaron lissafi, kana son kallonsu daga wuri ɗaya, ko kana son abin da zai taƙaita wa yara shafukan da suke shiga, to kuɗin bai faɗi ƙasa banza ba. In za ka saya, sayi daga shafin kamfanin ko dillalin da zai ba ka rasit, a yi rajistar lasisin da imel ɗinka, ba na mai gyara ba, ka shiga da kanka ka ga ranar ƙarewa a rubuce. Tambayi na'ura nawa lasisin ya ɗauka. Ka kuma yi hattara da farashin shekarar farko, rangwame ne na jan ciniki. Ta biyu takan haura sosai, kuma in ka bar katinka a wurinsu da kansu za su cire, a kan canjin dalar ranar. Kashe tsarin cire kuɗi kai-tsaye tun ranar da ka biya. Waɗanda ake bayarwa kyauta na halal irin su Avast da AVG suna kama bairos, amma tallan "sayi babbar" ba zai bar ka ka huta ba, kuma a 2024 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta sa Avast biyan dala miliyan 16.5 kan sayar da bayanan shafukan da masu amfani da ita ke shiga. Ni dai tunda Defender na nan, ban ga dalilin ɗauko su ba.

Saura banki. Kada ka bari burauza, wato manhajar da kake buɗe shafukan intanet da ita, ta riƙe maka kalmar sirrin asusunka, ko da ta yi tayi, domin akwai bairos da ba ya taɓa fayil ko ɗaya, kalmomin sirrin da aka adana kawai yake kwashewa ya aika. Tunda ka riga ka yi zargin wani abu ya shiga, canza ta banki da ta imel yau, daga wayarka, ba daga laftof ɗin ba, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar da ake nema kafin a shiga, a imel da WhatsApp. In kuma wani shafi ya buɗe da jan rubutu da ƙara yana cewa an gano bairos biyar, danna nan ko kira wannan lamba, rufe shi, shi ne ɓarawon. Wanda ya kira ka a waya ya ce daga banki yake, BVN ɗinka ta samu matsala, karanto lambar da aka turo maka, wannan babu manhajar da ke tare shi a duniya sai kai.

Ga yadda zan kashe dubu ashirin da biyar ɗin da ni ne: filash biyu, datar wata uku don sabuntawa, sauran a ba mai gyaran ladan aikinsa. Ka koma Jega ka ce masa ya fara kwafe maka fayilolin lissafi, ya cire duk wata antibairos da fasasshiyar manhaja da ke ciki, ya kunna Defender ya sabunta ta, ya sa ta bincike kwamfutar gaba ɗaya, ya busa ƙurar fanka. Ka zauna a shagon har ya gama, ka kuma tafi da yaron nan mai Excel ya ga yadda ake yi.