Safar ulu ta huje a dunduniya: yadda ake cike hujin

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce safar ulu da kika saƙa ta huje a dunduniya, kin haɗe bakin hujin da zaren ɗinki, amma ana wankewa ta sake ɓarkewa a gefen ɗinkin, ga wani tudu yana damun ƙafa. Na daɗe ina irin wannan gyara, kuma kada ki jefar da ita tukuna.

Matsalar tana wurin haɗe bakin nan. Zaren dunduniya gogewa yake yi a hankali har ya cinye, ya bar gurbi. In kika jawo gefe da gefe kika tamke, kin rage wa safar faɗi, sai duk jan ya koma kan zaren da ke kewaye, wanda shi ma ya riga ya sha jiki. Ga shi zaren ɗinki siriri ne mai ƙarfi, yanka ulun yake yi. Abin yi shi ne ki saƙa sabon ƙyalle a gurbin wanda ya cinye.

Ki wanke safar ta bushe. Ki samo allura mai faɗin kafa marar tsini sosai, don ta riƙa bi tsakanin zare ba tare da ta tsaga shi ba. Zare kuma ya yi kauri ɗaya da na safar. In akwai ragowar wanda kika yi saƙar da shi, an gama. Ulun da ake yi musamman don safa yawanci kashi 75 ulu ne, 25 nailan, kuma nailan ɗin ne ke sa shi jure guga. Sai ki tura wani abu mai kumburi a ciki, tsohon ƙwan lantarki ko ƙwallon tanis, hujin ya zauna a kansa yadda yake zama a ƙafa. Kada ki ja ta har ta tale, a shimfiɗe kawai.

Nan ne mutane ke gaggawa. Ɗaga safar ki duba ta a haske, za ki ga kewayen hujin ya yi shara-shara. Ɗinki ba ya kama wannan wurin. Ki fara daga inda saƙar ke da ƙwari, kamar santimita 1 ko 2 daga bakin hujin, ki zagaye shi da ƙananan ɗinki, kina tsinto duk madaukin da ya saki. Saƙar safa madauki ne cikin madauki, ɗaya ya kuɓuce sai layin ya bi ya warware. In ya riga ya fara zarcewa, sa kwarashi ki dawo da shi sama kafin komai.

Sai ki jera zaren tsaye: ki ɗan yi ɗinki cikin lafiyayyen wuri, ki tsallaka hujin, ki kama ɗaya gefen, ki juyo. Tazarar layi da layi kada ta wuce kaurin zaren. Bayan nan ki juya safar ki bi ta kwance, sama da ɗaya, ƙasa da ɗaya, kamar saƙar tabarma, layi na gaba ya saɓa wa na baya. Duk layin da kika wuce ki matsa shi jikin ɗan'uwansa da bakin allura. A kowane juyi ki bar ɗan sako-sako, domin sabon zare yakan tsuke a wanki, in kin ja shi tamau wurin zai tattare.

Ƙulli kuwa ko ɗaya kada ki yi, shi ne ke tayar da bororo. Ki bar jelar zaren, in kin gama ki lallaɓa ta cikin saƙar ta ciki ki yanke. Da farko facin zai ɗan yi tauri, amma ulu yana da halin cakuɗewa, bayan wanki da sawa za ki ga ya kwanta ya haɗe. Auduga ba ta yin haka, don haka ita sai an matse layukan sosai.

Ki duba ɗaya ƙafar ma, da wuya ba ta kusa hujewa ba. In zaren bai tsinke ba tukuna, ya fi sauƙi: ki bi sawun kowane madauki da sabon zare, ki ninka shi a kansa. Ni wannan na fi so, domin wurin yana ci gaba da buɗewa yana komawa kamar sauran safar, abin da facin tsaye da kwance ba ya yi sosai.

Amma fa in duk tafin ya yi shara-shara, cikewa ɓata lokaci ce. Tunda ke kika saƙa, yanke daga idon sawu, ki kwashi madaukan a allurar saƙa ki sake yin ƙafar. Kuma ki sa hannu cikin takalmin ki shafa bayansa. In shafin ciki ya ɓare, ko mai safar yana da kaushi, wurin nan dai zai sake cinyewa.