Tsohuwar laptop ɗina ta zama kunkuru, in sayar ko in gyara?

Tambaya: Salam malam. Ina da HP EliteBook 840 G1 'yar gwanjo, RAM 4GB, hard disk 500GB. In na kunna ta sai in haɗa shayi in shanye bata gama buɗewa ba, ga zafi ga ƙarar fanka. Kuɗin sabuwa kuma babu. Akwai abinda zan iya yi mata da hannuna? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Don Allah karka sayar, wannan kwamfutar da sauranta, kuma tana cikin masu sauƙin buɗewa, murfin ƙasanta ko noti babu, sakata ce kawai zaka ja ya zame.

Abinda ke riƙe mata ƙafa hard disk ɗin nan ne. Faifai ne a ciki yake juyawa, allura na bin sa tana neman bayanai, da ƙyar yake kai 100MB a daƙiƙa, shi kuwa SSD, wato ma'ajiyar zamani da ke maye gurbin hard disk, babu abinda ke motsi a cikinsa kuma yana kai wajen 500MB, ai kaga tazarar. Toh in kuɗin abu ɗaya gareka SSD zaka saya, ba RAM ba (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita tana kunne), mutane da yawa suna fara ƙara RAM su dawo suna cewa basu ga canji ba kuma abin na bani takaici don kuɗinsu ne ya tafi inda ciwon bai kai ba. Ka nemi SATA mai inci 2.5, ko 256GB ya isheka karatu. Kafin ka taɓa komai ka kwashe fayilolinka a flash, ka kashe ta, ka zare caja, ka cire batir wanda shima yana nan ƙarƙashin murfin. Sai ka kwance notunan hard disk, ka mayar da ƙarfen da ke riƙe shi jikin SSD ɗin ka zura. Tsohon kuma karka yar, ka saya masa gida mai USB ya zama ma'ajiyarka.

Sai RAM, kuma nan ake yawan cin kuɗin mutane. Gurbi biyu gareta, tana ɗaukar har 16GB, amma DDR3L take ci mai 1.35V, ba DDR3 na 1.5V ba. Kamanninsu ɗaya, har shiga gurbin zai yi daram, sai ka kunna kaga allo baƙi ƙirin. Ka duba takardar da ke manne a jikinsa, in kaga PC3L shine, in PC3 ne zalla ka ajiye musu abinsu. Mafi kyau ka tafi da laptop ɗin shagon a gwada a gabanka. Wajen sawa ka riƙe shi ta gefe, ka zura a karkace sannan ka danna har kaji ƙas. 8GB ya wadatar, amma ka tabbata Windows ɗinka 64-bit ce, 32-bit bata iya amfani da sama da 4GB.

Zafin kuma yawanci ƙurar hunturu ce ta toshe hanyar iska, zaka ganta ta dunƙule kamar auduga a bakin fankar. Tsohon burushin haƙori busasshe ya isa, ka dafe fankar da yatsa lokacin da kake hurawa. Ka daina ɗora ta kan katifa kuma.

Processor kam a like yake da motherboard, wato babban allon da ke cikin kwamfutar, baya canzuwa, kar wani ya karɓi kuɗinka akan haka. Kuma na ƙarni na 4 ne, Windows 11 a hukumance daga na 8 take farawa, ga Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, don haka tunda dama sai ka ɗora sabuwar manhaja akan SSD ɗin, ka gwada Linux Mint, wata manhaja madadin Windows, a flash tukuna ka gani ko zata yi maka aikin makaranta.