Tsofaffin zane-zanen littafin samfur da dalilin cushewarsu a inji

Ɗana, na ga shafin da ka turo da tambayoyinka biyu. Ka ce ka ci karo da wani tsohon littafin Turawa a intanet, cike da ƙananan zane-zane a jere, kowanne da lamba da farashi a ƙasansa, babu labari babu bayani, kana son sanin wane irin littafi ne. Sannan ka ciri zanen gidan ƙudan zuma daga ciki ka ɗora a sitikar mai sayar da zuma. A kwamfuta ya yi kyau, amma da ya hau injin bugu na Kord sai layukan suka haɗe, ya fito dusu-dusu. In ka gane amsar ta farko, ta biyu za ta zo maka da sauƙi.

Littafin talla ne. A zamanin da ake jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya da hannu, akwai maƙeru da ba su da sana'a sai zubin haruffa suna sayar wa maɗaba'u. Su ne ke buga irin wannan littafi su aika wa masu ɗab'i, domin kowa ya ga hajarsu ya yi oda da lamba. Abin ya daɗe. Takardar samfur mafi tsufa da aka sani ita ce ta Erhard Ratdolt, wadda ya buga a Augsburg ta ƙasar Jamus a 1486, falle ɗaya tak. William Caslon ya fitar da tasa a Landan a 1734. A Amurka, kamfanin Binny & Ronaldson na Filadelfiya ya buga littafin kayan adonsa a 1809. Da maƙeru 23 suka haɗe suka zama American Type Founders a 1892, littafin ya yi ta kumbura, har na 1923 ya kai shafi 1,148, aka buga kwafi 60,000. Amma in zane kake nema, waɗanda suka fi albarka su ne na tsakanin 1840 da 1900.

Ka ɗauki mai ɗab'i a ƙaramin gari, da jaridarsa ta mako mai shafi huɗu. Ba shi da mai zane, ba shi da halin ɗaukar hoto ya buga. Yau mai jirgin ruwa zai zo da sanarwar ranar tashi, gobe mai doki, jibi mai gidan haya ko mai ɗinkin takalma. Sai ya buɗe littafin ya yi odar jirgi ɗaya, doki ɗaya, gida ɗaya, takalmi ɗaya, da hannun nan mai nuni da yatsa, ya ajiye a aljihun tebur. Dokin nan guda shi zai yi wa duk masu dawakin garin aiki shekara da shekaru. Shi ya sa ba za ka ga fuskar wani takamaimai ba, an zana su ne yadda za su dace da kowa. In ka lura kuma za ka ga wasu da fili fari a tsakiya, tuta ko allo ko takarda a hannun mutum. An huda wurin ne da gangan domin mai ɗab'i ya jera sunan kwastoma a ciki. Kai ma nan za ka sa rubutunka. Mu da muka tarar da ƙarshen zamanin dalma mun taɓa irinsu da hannunmu. Maigidana, Allah ya jiƙansa, yana da akwatin da ya tara kambi da furanni da hannun nuni, da su muke ƙawata katin biki da na suna.

To, yanzu ka natsu, don nan ne gaɓar.

Ainihin zanen a kan icce aka sassaƙa shi. Wanda ya fito da darajar wannan aiki shi ne Thomas Bewick, mutumin Newcastle a Ingila, wanda ya rayu daga 1753 zuwa 1828. Kafin shi yawanci a gefen katako ake yanka da wuƙa, zaren iccen yana jan hannun mai yanka. Shi kuwa sai ya riƙa aiki a kan gindin icce da aka yanka a gicciye, wajen da ake ganin zobban shekarunsa, da ɗan ƙarfe mai tsini irin na masu rubutu a kan tagulla. Iccen da suke so shi ne bokis, mai tauri ƙwarai da laushin fuska, mafi kyawunsa daga wajajen Turkiyya ake kawowa. Ba ya kauri, don haka zanen ke zama ƙanana. In ana son babba sai a haɗa gutsattsari da ƙusoshi ta baya. Mai sassaƙa yana ɗora iccen a kan 'yar matashiyar fata cike da yashi, gilashin ƙara girma a idonsa, yana juya iccen da hagu, dama tana tura ƙarfen. Duk inda ya tsaga ya zama fari. Duk inda ya bari shi zai sha tawada, kamar dai hatimin ofis.

Ka ga ke nan ba shi da toka-toka ko kaɗan. Baƙi ne da fari, shi ke nan. Inuwar da kake gani a jikin gidan zuman nan, ka ƙara girmanta sosai a kwamfuta ka duba. Layuka ne kwance kusa da juna, kowanne baƙi ƙirin. Inda ake son duhu sai layin ya yi kauri, farin da ke tsakani ya tsuke. Inda ake son haske sai ya sirance har ya ƙare da tsini. Idonka ne ke haɗa su ya ga inuwa. Wallahi har yau in na sa gilashi a kan mai kyau daga cikinsu sai tsigar jikina ta tashi, don hannun mutum ne ya ja layukan nan ɗaya ɗaya ba tare da ya karkace ba, kuma galibinsu ko sunansu ba a rubuta ba.

Iccen asali ba ya barin maƙera. Kwafinsa ake sayarwa. Da farko da zubin dalma ake kwafa, har Moritz von Jacobi ya gano hanyar yi da lantarki a birnin St Petersburg a 1838, masu ɗab'i suka karɓe ta cikin 'yan shekaru. Ana danna iccen a cikin kakin zuma ya bar gurbinsa, a shafe gurbin da garin bakin fensir don wuta ta bi ta kansa, a rataya shi cikin ruwan sinadari tare da jan ƙarfe. Wutar na tafiya, jan ƙarfen na taruwa a kan kakin a hankali har ya zama ɓawo siriri mai ɗauke da kowane layi. A ɓare shi, a cika bayansa da dalma, a kafa a kan katako. Tsayinsa dole ya zo daidai da na haruffa, wato inci 0.918 a Ingila da Amurka, kimanin milimita 23.3, in ba haka ba ko ya huda takarda ko ya ƙi taɓa ta. Wannan ɗan katako mai fuskar jan ƙarfe shi ne abin da lambar da ka gani take nufi.

Abin da ya faru da aikinka kuwa, ka ɗauki zanen layi ka yi masa mu'amalar hoto. Wanda ka sauko da shi JPEG ne, ɗan ƙarami, da launin tsohuwar takarda a bayansa. A cikinsa kowane baƙin layi ya sami toka a gefe da gefe. Da ka kai wajen fitar da faranti, wato fallen ƙarfen da ake ɗora wa inji ya buga da shi, na'ura ta ga toka sai ta farfasa shi zuwa ɗige-ɗige, wajen layi 150 a kowane inci, yadda take yi wa hoton mutum. Layin da ya fi ɗigon sirantaka ya karye, farin da ke tsakanin layuka ya cika da ƙananan ɗigo. Bayan haka baƙin naka na launi huɗu ne, da shuɗi da ja da rawaya duk a ciki. Kord kuwa launi ɗaya yake bugawa, takarda sai ta wuce sau huɗu. Gocewar da ba za a lura da ita a fuskar mutum ba, ita kaɗai ta isa ta rufe farin da bai kai silin gashi ba.

Ga yadda za ka sake shi. Koma inda ka samo littafin, in Internet Archive ne akwai wajen sauko da shafukan asali manya, ka bar ɗan hoton da ke fitowa a fuskar waya. In littafi ne a hannunka, ka yi sikanin a dpi 1200, wato ɗigo 1200 a kowane inci, kada ka yi ƙasa da 800. Cire launi, ka ja haske har takardar ta zama fari fat, sannan ka mayar da shi baƙi da fari zalla. A CorelDraw ka zaɓi Black and White, sannan Line art, ka riƙa matsa ma'aunin a hankali kana kallon wuri biyu: mafi siririn layi kada ya ɓace, mafi duhun inuwa kada ta toshe. Ba kullum za ka sami biyun a lokaci ɗaya ba, wani zanen sai ka raba shi kashi biyu ka gyara kowanne daban. Ka ajiye shi TIFF. A wajen bugu ka ba shi baƙi ɗari bisa ɗari a faranti ɗaya, ya hau kan launin da ke ƙarƙashinsa kai tsaye, kada ka huda masa gurbi. In kwastoma na son ruwan ƙasa ko kore, a haɗa tawadar a buga ta launi guda. Ka ce wa mai inji ya rage tawada, ya lura da ruwa.

Maɓallin nan da ke bin zane ya mayar da shi layin kwamfuta, ban cika yarda da shi a wannan aiki ba. Yana dunƙule tsinin layuka, sai zanen ya yi santsi ya rasa ransa. Ka bar shi sai ranar da za a yanka sitika ko a buga babban allo.

Girma ma abin lura ne. Mai sassaƙa ya auna tazarar layukansa da girman da za a buga, ba a taɓa yin su don a rage ba. Ka ƙara girma yadda kake so, sai ma ya ƙara kwarjini a fosta. Amma in ka rage shi zuwa rabi, farin ma ya ragu zuwa rabi, tawada kuma ba ta rage yaɗuwarta. A leda ko riga abin ya fi muni, nan sai ka nemi zane mai manyan layuka tun farko. In kuma ka ga layi a karye tun a littafin, kada ka ɓata dare kana ɗinke shi. Maƙerun nan suna sayen zanen juna, suna kuma kwafar na juna ba izini, don haka doki ɗaya zai iya fitowa a littattafai da dama, wani kwafin kwafi ne da ya gaji, wani kuma garau. Nemi garau ɗin.

Akwai abin da ya fi duk wannan muhimmanci a wurina: ka san abin da ka ɗauka kafin ka ɗora wa mutum a kan hajarsa. A littattafan Amurka na kafin 1865 za ka yi ta cin karo da wani ƙanƙanin zane, baƙin mutum yana sauri, sanda a kafaɗa, ƙunshin kaya rataye a ƙarshenta. Akwai na mace, ita da ƙunshi a hannu. Wanda bai sani ba zai ɗauka matafiyi ne ko ɗan ci-rani. Zanen cigiyar bawan da ya gudu ne. Wanda ya mallake shi zai kai sanarwa gidan jarida, da sunansa da shekarunsa da tabon da ke jikinsa da ladan duk wanda ya kamo shi, mai ɗab'i ya jawo wannan zane daga aljihun tebur ya sa a kai. Maƙerun New York da Filadelfiya sun zuba shi, sun ba shi lamba da farashi, a jere da doki da jirgi da gidan haya. Mutanen da ake farauta da shi, su ko kakanninsu, daga nahiyar nan tamu aka kwashe su, kuma 'yan sana'armu ne suka jera haruffan. Ban yarda ya fita daga shagonmu a matsayin ado ba. In littafin tarihi ne ake bugawa da bayanin ko mene ne, wannan daban.

Haka za ka ga tambarin ƙungiyoyin asiri irin na Freemason, da kamfas da ido a tsakiya, ga gangar giya, ga alade, ga mikiyar Amurka riƙe da kibau. Duk suna da kyau a ido, kuma kowanne zai iya jawo wa kwastoma magana a kasuwa. Wani kwastoman ma ba ya son surar mai rai gaba ɗaya, ka tambaye shi tun kafin ka fara. Shi kansa gidan zuman da ka zaɓa na Turawa ne, saƙaƙƙe mai tulluwa, a zaune kan benci. Masu sayen zumar kwastomanka amya suka sani, doguwa, a saƙale a reshen bishiya. Ka nuna masa, in ya ce ya yi masa, to. In bai yi ba, ka ɗauki ƙudan zuman da furannin gefe daga tsohon zanen, ka sa mai zane ya yi maka amya da alƙalami da baƙar tawada, layi layi, don su zo iri ɗaya.

Batun haƙƙin mallaka, a Amurka abin da aka wallafa ya cika shekara 95 ya zama na kowa, a Najeriya kuma zane yana fita bayan shekara 70 da rasuwar mai shi. Galibin zanen ƙarni na 19 ya wuce duka biyun. Inda za ka yi hattara shi ne shafukan da suka goge zanen suka gyara suna sayarwa, don suna da sharuɗɗansu, sai ka karanta. In ka ciro daga littafin asali ka gyara da hannunka, ka huta da wannan. Gyaran kuwa yana cin lokaci, zane ɗaya mai yawan inuwa zai iya cinye maka rabin yini, don haka ka sa kuɗinsa a lissafi tun ranar da kuke ciniki, kuma ka kawo mini gwaji a kan ainihin takardar sitikar kafin a fitar da faranti.