Za a iya duba matsalar haɗiya ta waya?

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce tun da ɓarin jikinsa ya shanye yake ƙwarewa in ya sha ruwa, asibiti kuma da nisa. E, likita zai iya dubawa ta bidiyo. A zaunar da Baba, bayansa a miƙe, waya ta gefen wuyansa, ma'aikacin jinya na kusa. Baba zai kurɓi ruwa da cokali, sannan koko mai kauri, likita na kallon motsin maƙogwaro, yana sauraren ko murya ta jiƙe, wato ta fita kamar akwai ruwa a maƙogwaro.

Abin da ke damuna shi ne wani abincin kan zarce huhu ba tari. Wannan ba a iya tabbatar da shi ta bidiyon waya, sai da gwajin asibiti irin na kyamarar da ake zurawa ta hanci. In zazzaɓi ya shigo ko numfashi ya yi nauyi, ku kama hanyar asibiti a ranar.