Ku Tambayi Malamin Gona: Gawon Gado da Raƙuman Dawan Gadabeji

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye tsakanin Tibiri da Gidan Rumji. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gona ni da yayana, ba mu raba ba tukuna. A cikinta akwai manyan gawo shida, da ƙananan kalgo da sabara masu yawa waɗanda tsoho ya hana a taɓa tun yana da rai. Bana tsuntsaye sun ci mana hatsi ƙwarai, sai Yaya ya ce itatuwan ne ke kiran su, gara a sayar wa masu itace a share gonar tas. Har an yi masa tayi. Raina bai kwanta ba, amma shi ne babba. Da gaske gawo na jawo tsuntsu? Kuma in mun sare, 'yan gandun daji na da ikon kama mu a gonarmu ta gado?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan tsoho, ya sa ya huta. Da ganin gonar da ya bar muku, mutum ne da ya ga fari da idonsa.

Bari in ba yayanka gaskiyarsa tukuna. Tsuntsu na sauka a bisa icce ya huta da tsakar rana, kuma zangarniyar da ke kusa ita ke fara shan wahala. Amma jan bakin da ke cinye gona ba a gawonku yake kwana ba. Makwancinsa na cikin sarƙaƙiyar ƙaya kusa da ruwa, wajen gulbi da fadamu, daga can yake tasowa dubbai da asuba, ya yi tafiyar kilomita da yawa neman abinci. Ku sare gawo shida ko sittin, ranar da garken ya biyo ta kanku zai sauka a kan karan hatsin kansa. Abin da ke rage ɓarnarsa shi ne ku yi shuka lokaci guda da maƙwabta don kada gonarku ta nuna ita kaɗai, a sa tsaro da gwangwani da majajjawa safe da marece, in kuma an gano makwancin a sanar da ma'aikatar kare tsirrai da wuri.

Sannan ka koma rumbu ka warware dami ɗaya ka duba da kyau. In ka ga wata hanya ta murɗe zangarniya tana zagayawa, wannan ba aikin tsuntsu ba ne, murzuna ce. Sau da yawa na tarar ana zagin tsuntsu alhali tsutsa ce ta ci rabin amfanin, kuma tsuntsayen da ke zama a itatuwan gona suna cikin masu cin ta. Masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, da ke Tarna, nan bakin Maradi, sun daɗe suna raba wa ƙauyuka 'yan buhunan da ke ɗauke da wani ƙaramin ƙwaro mai kashe murzuna. Ku tambayi malamin gonar yankinku.

Shi kuwa gawo, ai bai yi kama da sauran itatuwa ba. Da damina ta faɗi, kowane icce na yin ganye, shi zubar da nasa yake yi, ya tsaya tsirara har kaka. Saboda haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyen da ya zubar kuma ya ruɓe daidai lokacin da shuka ke neman taki. Saiwarsa na nitsewa can ƙasa, ba ta rabon ruwan sama-sama da hatsi. Da rani, sa'ad da daji ya bushe, sai ya yi kore shar, dabbobi su taru a inuwarsa su bar muku kashi kyauta, 'ya'yansa kuma ka san kuɗin buhunsu a kasuwa wajen masu kiwon tumakin layya. Ga iskar farkon damina, wadda ke binne tsiro da rairayi har mutum ya sake shuka sau biyu, sau uku: gonar da ke da itatuwa ba ta shan ta kamar fili fetal. Sayar da irin wannan icce kamar yanka saniyar tatsa ne don naman yini ɗaya. Ba banza ba ake ba da labari a Damagaram cewa Sarki Tanimun ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo.

Abin da Yaya ke son yi, mun riga mun yi shi a ƙasar nan. Zamanin gyaɗa da garmar shanu, gwanin manomi shi ne wanda gonarsa ba ko kututture. Aka tuge, aka ƙone, sai fari ya zo ya same mu tsirara, na shekarun 1970, sannan na 1984. A 1983 ne Tony Rinaudo, wani ɗan Ostireliya da ke aikin dashen itatuwa a Maradi, bayan ya ga dashen na ta mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kowace bazara tohon tsofaffin kututture ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan sassabin zamani, wato barin wannan toho ya girma maimakon a sassabe shi, ya bazu. Ni dai a ganina kakanninmu sun san wannan tun da can. Aikin Rinaudo shi ne ya nace har mutane suka daina jin kunyar a ga icce a gonarsu. Ƙauyuka irin su Ɗan Saga a yankin Agye suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, har da mata da makiyaya a ciki. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 da suka dawo a Nijar ta wannan hanya, galibi a Maradi da Damagaram. Kalgon nan da sabarar da tsoho ya hana a taɓa, daga nan suka fito.

Batun 'yan gandun daji: e, suna da iko. Gawo na cikin itatuwan da doka ta kare, ko a gonar gado yake, kuma dokar daji ta 2004 ba ta yarda a kayar da shi ba tare da izini ba. A 2020 gwamnati ta fitar da wata doka da ta amince wa manomi cin moriyar itatuwan da ya raya da hannunsa, amma wannan ba ya nufin a kira mai gatari da dare. A je ofishinsu a tambaya kafin a taɓa ko babban reshe. Mai sayen itace zai loda ya tafi, tara kuwa mai gona za ta tarar.

Ina zaton ba tsuntsu ne ainihin damuwar yayanka ba, kuɗi yake nema, kuma amfanin bana bai kai ba. Kada ka tare shi da gardama gaban mutane. Ka samu baffanku ko kawunku ku zauna, a tuna masa cikin ladabi cewa gadon da ba a raba ba, ba mai sayar da wani abu a cikinsa sai da yardar ɗan'uwansa. Sannan ka zo masa da abin da zai maye gurbin tayin: a tara 'ya'yan gawon bana a sayar maimakon a bar wa kowa, a kuma gyara kalgo da sabarar. A kowane kututture a bar toho mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, a cire sauran, a datse rassan ƙasa zuwa rabin tsayi da adda mai kaifi, ana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage. Abin da aka cire ya ishe ku makamashi, har a kai saura kasuwa.

TAMBAYA: Malam, ni malamar makaranta ce a Dakoro. Ɗalibaina sun ce akwai raƙumin dawa a jiharmu, na ce sai dai Kure wajen Yamai. Wa ke da gaskiya?

AMSA: Malama, wannan karon yaran sun ci. A gandun Gadabeji suke, arewa da ke, wanda aka keɓe tun 1955, faɗinsa wajen hekta 76,000. Da can akwai su a wurin, fari da farauta suka ƙarar da su kusan shekara hamsin da suka wuce. A Nuwamban 2018 aka ɗauko takwas daga yankin Kure a manyan motoci, tafiyar kusan kilomita 800, aka ƙaro wasu a 2022, kuma sun fara haihuwa a can. Ki gaya wa yaran cewa irin wannan raƙumin dawa a duniya duka Nijar kaɗai ya rage: a 1996 saura 49, yanzu sun haura 600. In kina son kai su gani, ki fara neman izini da ɗan rakiya a ofishin gandun daji na Dakoro, ku tafi da sanyi kafin zafin bazara ya shigo.